Babi na Bakwai: Turancin da Ake Gani Ba a Ji

Tsakanin watan Mayu da Yuni, lokacin da zafi ya kai maƙura a Haɗeja kuma manoma suka fara ɗaga kai suna duban gabas, 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke zama jarrabawar WAEC. Darasin Turanci takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na canki-canka a kan kalmomi da nahawu. Ta biyu ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Ta uku, wadda a kanta wannan babi zai tsaya, tambayoyi 60 ne cikin minti 45, kuma manufarta auna yadda ɗalibi ya san sautin Turanci: wane wasali ne ya yi daidai da wane, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu ke amo ɗaya, wace gaɓa ake ƙarfafawa a cikin doguwar kalma.

Abin mamakin shi ne, a duk tsawon waɗannan mintuna ba a jin sautin komai a zauren sai ƙarar takarda da tarin mai sa ido. Ba a kunna wa yaro murya ya saurara, ba a kuma ce ya buɗe baki ya furta. Da fensir yake amsawa. Hukumar WAEC ɗin nan, wadda aka kafa a 1952, a Gambiya da Saliyo murya take kunna wa ɗalibai su saurara su amsa. A Najeriya an zaɓi takarda, saboda yawan ɗalibai da ƙarancin lantarki da tsoron maguɗi. Dalilan ba na banza ba ne. Amma duk abin da jarrabawa ba ta tambaya, aji ma ba ya koyarwa, kuma a kan ɗan Haɗeja wannan zaɓi ya fi nauyi fiye da ɗan Legas.

Yadda Sinawa suke yi

Jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, wadda suke kira Gaokao, an dawo da ita a 1977 bayan an yi shekaru ba a yi ba. Ana fara ta ran 7 ga Yuni, kuma a 2024 fiye da mutum miliyan 13 ne suka yi rajista. Harshen waje, wanda ga mafi yawansu Turanci ne, yana ɗauke da maki 150, daidai da lissafi da harshen Sinanci. A takardar da yawancin larduna ke amfani da ita, maki 30 na sauraro ne. Ana kunna hirarraki, mace da namiji suna magana a kan farashin riga ko lokacin tashin jirgi, ɗalibi ya amsa tambayoyi 20. A lokacin da ake wannan sashe, birane da dama suna hana direbobi danna ham a kusa da makarantu, a dakatar da masu gini.

Saboda an san wannan rana tana tafe, sai makaranta ta shirya mata tun da nisa. Tun daga 2001 aka tsara a fara Turanci a aji uku na firamare. Littafin aji yana zuwa da muryarsa, a da a kaset, yanzu a waya. Da sassafe, kafin a shiga darasi, ɗalibai suna karatu da babbar murya. A 1982 gidan talabijin na ƙasar ya fara nuna wani shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, miliyoyin mutane suka riƙa zama a gabansa.

Kada a ɗauka Sinawa sun gama da matsalar. Su ma suna kukan ɗaliban da suka ci maki mai yawa amma ba sa iya haɗa jimla biyu a gaban baƙo, kuma akwai lardunan da ba sa lissafa makin sauraro a cikin jimillar sakamako. Abin da ya kamata mu lura da shi a wajensu guda ne: sun yarda cewa Turanci baƙon harshe ne a ƙasarsu. Sun san yaro ba zai ji shi a kasuwa ko a gida ba, don haka dole makaranta ta kawo masa shi har cikin kunne. Mu kuwa tsarinmu ya ginu ne a kan zaton cewa Turanci harshen ƙasa ne, kowa na tsintarsa a titi.

Wane ne ke jin Turanci a Haɗeja?

A Fatakwal ko Legas zaton yana da ƙamshin gaskiya. Yaro na tashi yana jin Turanci da buroka a coci, a motar haya, a wajen maƙwabta. A ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, wato Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kiri Kasamma da Guri, ba haka abin yake ba. Hausa ce ke ciniki a kasuwar kifi, ita ce ke fassara huɗuba, ita ce ke rediyo. Ɗan kasuwar da ya zo daga kudu ma kafin shekara ta zagayo ya koma Hausa, don da ita zai sayar.

Ba kuma a ce mutanen wannan kwari ba su da basirar harshe ba. Yaron da ya tashi a rugar Fulani, ko a gidan Mangawa a Birniwa, ko cikin Badawan Guri, yana zuwa firamare da harshe biyu a baki, ga Larabcin makarantar allo a kai. Babu wanda ya koya masa Hausa da alli. Ji ya yi ta yi har ta zauna. Turanci ne kaɗai aka ce ya koya ta ido.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshen gida, daga baya a koma Turanci. A aikace, abin da ke faruwa a ajin sakandare sananne ne ga duk wanda ya zauna a ciki. Malam ya karanta sakin layi da Turanci, ya juya ya yi bayani da Hausa don ya ga idanun yara sun yi fari, sannan ya cika allo da rubutu a kwafa. Ba laifinsa ba ne, so yake a gane. Sai dai sakamakon shi ne yaro na iya shekara shida a sakandare bai taɓa sauraron labari ɗaya cikakke da Turanci daga farko zuwa ƙarshe ba. Wurin da samari suka fi jin Turanci na gudu a garin shi ne gidan kallon ƙwallo, kuma duk wanda ya saurare su ya san kalmomin mai sharhin gasar Firimiya sun zauna daram a bakinsu, da furucin da ya fi na littafin aji daidai. 'Yan mata kuwa ko wannan ƙofar ba su da ita.

Inda harsunan biyu suka saɓa

Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Turancin Ingila da littattafan jarrabawa suka ɗauka a matsayin ma'auni yana da wasula 20 da baƙaƙe 24, duk da cewa haruffan rubutunsa 26 ne kacal. Nan take an ga inda gizo ke saƙa: rubutun Turanci ba ya faɗa wa mai karatu yadda kalma take fita daga baki. Rubutun boko na Hausa kuwa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya iya karanta Hausa yana ɗaukar wannan amana ya kai wa Turanci, sai Turanci ya ci amanarsa.

Hausa ba ta bambance p da f, don haka pan da fan abu ɗaya ne a kunnen Bahaushe har sai an horar da shi. Ba ta da v, sai ya koma b. Sautin farkon think ya zama s, na farkon this ya zama z. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka samu burodi da direba da firamare. Sannan Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana, hawa da sauka, Turanci kuwa da ƙarfafa gaɓa ɗaya a raunana sauran har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Wannan na ƙarshe shi ya fi wahalar da mai sauraro. Ɗalibi ya san kalma sarai a rubuce, amma in ta zo a bakin mai karanta labarai sai ta wuce shi bai gane ita ce ba.

Ba ana nufin sai ɗan Haɗeja ya yi magana kamar ɗan Landan ba. Karin harshensa nasa ne, kuma Ba'indiye da Basine kowa da nasa yake yawo a duniya. Abin da ake nema shi ne ya ji bambancin in an furta, a kuma gane shi in ya furta. Wannan ba ya samuwa ta haddace alamomin sauti a bayan littafin tsofaffin tambayoyi, wanda shi ne abin da yawancin ɗalibai ke yi a watannin ƙarshe. Kamar a zaunar da ɗan masunci a kan tudu ne a zana masa yadda ake iyo, ga kogi yana gani.

Magabata sun san haka. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta shahara da tsananta wa ɗalibai a kan furuci, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da Turancin da har Turawa suka yaba. Sai dai ɗalibanta 'yan ƙalilan ne, suna kwana suna tashi da malamai masu harshen. Tambayar zamaninmu ita ce yadda za a yi wa ajin da ya cika maƙil abin da aka yi wa waɗancan tsiraru.

Karatu ma daga kunne yake farawa

Mai karatu zai iya cewa, to, takarda ta uku makinta kaɗan ne, a bar ta a kama auna fahimta. Nan ne kuskuren yake. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana karatu a matsayin abu biyu da ake ninkawa da juna: iya mayar da haruffa su zama kalmomi, da iya fahimtar harshen in an ji shi. Tun da ninkawa ce ba tarawa ba, in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Duk malamin sakandare ya san ɗalibin da zai miƙe ya karanta shafi guda ba gargada, a tambaye shi me aka ce, ya yi shiru. Haruffan ya iya, harshen ne babu.

Sai kuma yawan kalmomi. Binciken da Paul Nation da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai cikin jin daɗi, sai ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100. Don karanta jarida ko ƙagaggen labari na manya, Nation ya ƙiyasta ana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. A ɗauki shafi mai kalma 300. In ɗalibi bai san ɗaya cikin goma ba, ya ci karo da baƙin kalmomi 30 ke nan kafin ya juya shafi. Ba mai jure wannan. Zai ajiye littafin, a ce ba ya son karatu.

Zargin kuwa ƙarya ne. Tun daga gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, zuwa littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980, zuwa labaran da 'yan mata ke bi yau a WhatsApp babi bayan babi, matasan Hausawa sun nuna suna karatu har su manta da abinci in rubutun ya yi daidai da su. Abin da babu a hannunsu shi ne Turancin da ya yi daidai da su. Daga littafin aji sai littafin da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ke wajabtawa, irin The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi a shekarun baya, wanda da yawa ba sa karantawa, taƙaitawarsa suke nema.

An taɓa gwada maganin wannan a wurin da ya yi kama da namu. A 1980 da 1981, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka kai littattafan labarai masu sauƙi kimanin 250 kowane aji a wasu makarantun karkara na tsibirin Fiji, inda yara ba sa jin Turanci a gida. Aka ɗauki minti 20 zuwa 30 daga darasin Turanci na kullum aka ba karatun labari. Cikin watanni takwas, ci gaban waɗannan yara a karatu da sauraro ya kusa ninka na takwarorinsu da suka tsaya a kan atisayen nahawu. Ba a ƙara musu lokaci ba, ba a sauya malamai ba.

Abin da tsangaya ta riga ta sani

Ƙasar Haɗeja ta yi suna da alarammomi da gwanaye, kuma tun da can masu neman hadda gabas suke nufa. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya ga tsarin horar da kunne da babu kamarsa a makarantar boko. Ƙolo ba ya fara da allo. Malam ne ke faɗa yana maimaitawa, sai bakinsa ya faɗa sannan a shiga babbaƙu da farfaru. In an rubuta allo, malam ya biya masa yana bi da yatsa, kunne da ido a kan kalma ɗaya a lokaci ɗaya. Ya koma gefe ya yi ta nanatawa da ƙarfi, ya dawo a saurare shi, a gyara masa harafin da ya karkace. Da haka yaron da bai taɓa ganin Balarabe ba yake fitar da haruffan maƙogwaro da babu su a Hausa.

Ke nan al'ummar da ake cewa 'ya'yanta ba sa iya bambance p da f ita ce ke koya wa ɗan shekara bakwai bambance haruffan Larabci masu kama da juna. Dabarar tana gida. Abu ɗaya ne ba za a ɗauko ba: a tsangaya ana jinkirta ma'ana sai an sauke, don manufar farko kiyaye lafazi ce. A Turanci dole sauti da ma'ana su taho tare, in ba haka ba an sake samar da mai karatu ba gargada da bai san me ya karanta ba.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Kayan aikin ba su da tsada kamar da. Rediyo mai cin memori, wadda ake caji da hasken rana, tana kowace kasuwa. Masu shagon caji da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da finafinan Indiya masu fassara za su iya tura darasi. Ga kuma shirye-shiryen da aka yi musamman don mai koyo. Muryar Amurka ta fara labarai da sauƙaƙƙen Turanci a 1959, da kalmomi kimanin 1,500, ana karantawa a hankali, kuma ɗaliban Sin sun daɗe suna cin moriyarsu. BBC ma tana da sashen koyon Turanci mai gajerun hirarraki da rubutunsu.

Tsarin da ya fi amfani gajere ne kuma na kullum. A zaɓi magana ta minti biyu ko uku. A kunna karon farko littafi a rufe, a tambayi abu biyu kawai: su wa ke magana, a kan me? A amsa ko da Hausa ne, don fahimta ake aunawa. A kunna karo na biyu ana bin rubutun da yatsa. A na uku a riƙa tsayawa ana maimaita jimla jimla. A rufe da shifta ta layi uku, kowa ya gyara wa na kusa da shi. Kwata ɗaya na awa ya isa, in dai ba a fashi. Inda babu na'ura, malam ya karanta wa aji labari da kansa, babi ɗaya a rana, ya tsaya a inda ya fi daɗi.

Abin da ake saurare ma yana da muhimmanci. Ɗan Auyo da ya tashi a cikin shinkafa da alkamar noman rani, wanda ya san yadda kacala ke toshe magudanar ruwa, ya san abin da ke faruwa in aka saki ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, zai fi saurin kama Turancin da ke magana a kan waɗannan fiye da labarin dusar ƙanƙara. Ya riga ya san rabin zancen, kalmomin kawai yake ɗauka. Malaman Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da na Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, da na Kwalejin Ilimi ta Gumel, suna da ilimin da za su rubuta irin waɗannan gajerun nassoshi su naɗe su da muryarsu. Gidajen rediyon yankin kuma sun isa kowane ƙauye.

Akwai dalili na musamman da ya sa wannan ya dace da kwarin Haɗeja. Sabuwar shekarar karatu tana farawa ne a Satumba, daidai lokacin da kogi ke cika. A shekarun babbar ambaliya, kamar 2020 da 2022, hanyoyi sun yanke, ajujuwa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, littattafai sun jiƙe. Ko a shekarar lafiya, girbi da aikin lambu suna ɗauke yara makonni. Darasin da ke cikin memori ba ya jiran a buɗe makaranta. Yaro na iya saurare yana korar tsuntsu a gonar shinkafa, yarinya tana iya ji tana tankaɗe.

Sauran aiki yana wuyan hukumomin jarrabawa. Uzurin rashin kayan aiki yana ta raguwa. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Wanda ya iya zaunar da ɗalibi a gaban kwamfuta zai iya sa masa abin saurare a kunne. Ranar da aka sanar cewa akwai makin sauraro na gaske a WAEC ko NECO, shugabannin makarantu za su nemo rediyo ba tare da an aiko musu da takardar umarni ba. Amma dole a ba makarantun karkara shekarun shiri da kayan aiki tukuna, in ba haka ba sabon ma'aunin zai zama wani sabon shinge tsakanin ɗan Guri da ɗan Abuja.

Duk wannan ya rataya ne a kan mutum ɗaya da ke tsaye a gaban allo. Shi ma a irin wannan aji ya tashi, da fensir ya ci tasa takarda ta uku, kuma sau da yawa kunyar furucinsa ce ke sa ya gwammace rubutu a kan magana. Yadda ake ɗaukarsa aiki, da yadda ake horar da shi, da abin da ake biyansa, su ne zancen babi na gaba.